Warin da Gogo Ta Ji a Kujerar Baya

Akwai wani dillalin shanu a Potiskum, a unguwar Hausari. Sunansa na yanka Muhammadu Lawan, amma duk kara, wato kasuwar shanu, da Maigandi aka san shi. Mutum ne da ya san aikinsa. Daga nesa zai kalli bijimi ya faɗa maka shekarunsa da yankin da aka yi kiwonsa, kuma da wuya ya kuskure. Matsalarsa ɗaya ce. Tun da Allah ya ba shi sanin shanu, sai ya ɗauka an haɗa masa da sanin komai.

Shi ne ɗan farin mahaifiyarsa, Gogo. Wanda ya zauna da Fulani ya san abin da hakan ke nufi. Shekara arba'in da uku Gogo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba. In tana da saƙo, sai ta juya wajen matarsa Munawwara ta ce, "Ki gaya wa wancan kaza," alhali wancan ɗin yana zaune taku uku daga tabarmarta. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma kowa a gidan ya saba.

Maigandi yana da mota 'yar Kwatano ruwan toka, wadda yake ji da ita kamar ransa. Duk Juma'a bayan masallaci yakan kwashi iyalinsa su je Damagum gaida dangi. Munawwara a gaba, Gogo a baya ita da jikarta Halimatu Sadiya mai shekara shida.

Wata Laraba, ranar kasuwa, yana dawowa daga wata ruga sai motar ta mutu a hanya, ga masu sayen shanu suna jiransa a kara. Aka samo wani bakanike a ƙauyen da ke kusa. Ya duba ya ce famfon mai ne ya mutu, kuma yana da wani na hannu. Maigandi ya ce a sa, ya koma gindin bishiya ya kafa waya a kunne.

Can sai bakaniken ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, robar murfin ta yage. Sai an aika cikin gari an samo sabuwa."

Maigandi bai ko waiwayo ba. Ya kaɗa hannu ya ce, "Ɗaure ta da ko mene ne, mutane na jirana."

Bakanike ya yanko tsohon tif ya naɗe, ya mayar da komai, mota ta tashi. Maigandi ya manta da zancen kafin ya isa kara. Da za ka tambaye shi inda famfon man motarsa yake, bonet zai nuna maka. Alhali kuwa a saman tanki yake, a ƙarƙashin kujerar baya, daidai gefen da Gogo take zama.

Ranar Juma'a suka sha mai suka kama hanyar Damagum. Ba su yi nisa ba Gogo ta ce, "Munawwara, ki gaya wa mai tuƙin nan motarsa tana warin mai."

Maigandi ya shaƙi iska. Gilashinsa a sauke yake, gwiwar hannunsa a waje, iskar titi na dukan fuskarsa. Ina zai ji wari?

"Ki ce mata jarkar janareto ce a but," in ji shi.

Da suka dawo ya fitar da jarkar. Juma'ar da ta biyo baya Gogo ta sake aiko saƙon. Ya ce to murfin tanki ne ya saki, ya tsaya a bakin hanya ya sayi sabo. Da aka sake magana, sai ya sayo irin turaren nan da ake ratayawa a madubi, har guda biyu. Warin fetur ya haɗu da ƙamshin lemo, abin ya zama ba a cewa komai.

Jama'a, a nan ne nake jin haushin Maigandi. Warin fetur a cikin mota ba irin warin da ake haƙuri da shi ba ne. In ka ji shi, to man ya fito daga inda ya kamata ya zauna, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Amma mutumin naku ya riga ya yanke hukunci cewa motarsa lafiyarta ƙalau, saura kawai ya gano abin da ke damun hancin tsohuwa.

A Juma'a ta huɗu Gogo ta ce kanta yana ciwo, kuma warin ne. Munawwara ta isar da saƙon a hankali, ta ƙara da nata, "Baban Sadiya, ni ma fa ina ɗan ji. Da ka kai wa Oche ya duba."

Oche bakanike ne a Dogo Nini, mutumin Binuwai, ya fi shekara ashirin a Potiskum. Maigandi ba ya son zuwa wurinsa don wai ya cika tambaya kamar likita.

Maigandi ya yi tsaki ya ce, "Ke ma kin biye mata? Wanda ya tashi a ruga, me ya sani a mota? Hancin da ya saba da warin garke, komai ya shaƙa baƙo ne a wurinsa."

Da murya sosai ya faɗa, kuma Gogo ta ji. Ta ja gefen mayafinta ta rufe hanci, ta juya tana kallon gonaki. Daga ranar ba ta sake aiko saƙo a kan wari ba. Maigandi ya ɗauka matsala ta ƙare, har yana ce wa Munawwara, "Kin gani ko? Sabo ne kawai."

Ana nan sai ƙanwarsa Ummuhani ta haihu a Damagum. Ana gobe suna ya je gidan mai ya ce a cika tanki har wuya, don zai yi ta jigilar baƙi. Ya dawo ya ajiye motar a rumfa, ya ɗaga gilasai duka, ya kulle.

Da safe gida ya kaure da shiri. Munawwara ta zuba garwashi a kasko tana turara kayan fita ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda matan garin suke yi. Ba a fita taro da kaya ba turaren wuta. Tana cikin yi sai ta ce, "Ni dai tsorona kada mu gama turara kayan nan motar ta ɓata mana su. Mu isa gidan suna muna warin gidan mai."

Maigandi ya fito cikin babbar riga sabuwa fil, yana gyara hula. Sai wata dabara ta faɗo masa, kuma a ganinsa babu wadda ta fi ta.

"Kawo kaskon nan. A sa shi a ƙasan kujerar baya, a rufe minti goma. In ga warin da zai rage."

Ya karɓi kaskon da hannunsa. Munawwara ta ƙara masa turare a kai, hayaƙi ya turnuƙe, garwashin ya yi jajir. Ya nufi rumfa, kasko a hannun hagu, makulli a dama. Ya zura makulli ya murɗa. Ya kai hannu zai ja ƙofar baya.

"Lawan."

Ya tsaya cak. Muryar ya sani, amma bai taɓa jin ta ɗauke da wannan sunan ba. Ya waiwaya. Gogo tana tsaye a bakin ɗakinta, ba takalmi, kuma shi take kallo, ido cikin ido.

"Lawan, ka mayar da wutar nan baya."

Munawwara ta dafe baki. Maigandi ya san mahaifiyarsa. Ranar da ya faɗo daga kan babur aka kawo shi gida jina-jina, a bayan ƙyaure ta tsaya tana tambayar mutane yadda wancan yake. Matar da ta iya danne zuciyarta a ranar, yau ta ajiye kunyar shekara arba'in da uku a tsakar gida a gaban surukarta. Ko shi da taurin kansa ya gane ba ƙaramin abu ne zai sa ta yi haka ba.

Ya koma da baya a hankali, ya kai kaskon can bakin madafa, ya sheƙa masa ruwa. Sannan ya dawo hannu sake ya buɗe ƙofar baya, ya zura kansa ciki, abin da bai yi ba tun da aka fara maganar nan.

Warin ya doke shi har sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ja da baya yana tari.

Ya ciro waya ya kira Oche. "Oche, motata tana warin mai sosai. Ga ni nan kawo ta."

"Kar ka tada shi, Alhaji," in ji Oche. "Kar ka sa makulli ma. Buɗe ƙofa duka, kowa ya matsa. Wuta kar ya zo kusa. Ina zuwa."

Ba a jima ba ya sauka daga napep da akwatin kayan aikinsa. Ya sa aka turo motar daga rumfa zuwa fili inda iska ke kaɗawa. Ya bar ta ta sha iska tukuna, sannan ya buɗe bonet ya cire kan batir.

Maigandi ya fara bayani. "Na riga na duba jarka, na canza murfin tanki. Ina zargin man da suka sayar mini jiya ne, ka san yanzu haɗi suke yi."

Oche ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Wa ya fara ji wari ɗin?"

Maigandi ya ce, "Tsohuwa."

"Ina yake zama in kuna tafiya?"

"A baya. Gefen dama."

"To ba kai zan tambaya ba."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya taka har gaban tabarmar Gogo ya durƙusa. Ya gaishe ta da ɗan Fillancin da ya tsinta a bakin masu kawo masa gyara, ta amsa tana murmushi. Sannan ya ce, "Mama, ki taimake ni. Wari ɗin nan, yaushe ya fi yawa?"

Gogo ta gyara zama. Wata guda ke nan tana riƙe da amsar nan ba wanda ya nema.

"In an fito gidan mai ya fi ƙarfi," in ji ta. "In man ya yi ƙasa sai ya ragu. In motar ta faɗa rami ko ta sha kwana, sai ya taso gaba ɗaya. Kuma ba daga gaba yake zuwa ba, ɗana. Daga ƙasa yake tasowa."

Oche ya juyo ya dubi Maigandi. "Mama ya gama aiki. Saura kwancewa."

Duk da haka bai yi gaggawa ba. Ya ce shi ba ya barin wuri don wani wuri ya fi kama da mai laifi. Ya bi tiyon mai a cikin injin da yatsa, a bushe. Ya duba bakin nozulolin da ke fesa mai ɗaya bayan ɗaya, a bushe. Ya kwanta ya shiga ƙarƙashi ya bi bututun mai daga gaba har baya, babu ɗigo, sai dai wani layin danshi da ya gangaro ta gefen tanki daga sama. Yana yi yana bayani. Ya ce da daga injin ne, direba ne zai fara ji. Da tanki ne ya huje a ƙasa, da an ga tabo a inda motar ke kwana, kuma warin ba zai damu da cika ko rashin cika ba. Warin da ke ƙaruwa in an cika tanki, daga sama yake fita.

Sannan ya shiga baya, ya sa hannu biyu ya ɗaga kushin kujerar ya fito da shi waje.

A ƙarƙashi akwai wani faifan ƙarfe da aka mayar a karkace, kusoshi biyu kawai ke riƙe da shi. Oche ya kwance. Ga murfin famfon mai nan, an naɗe bakinsa da baƙin tif wanda fetur ya riga ya cinye ya yi laushi kamar danƙo. Mai ya kwanta a kewayen murfin yana ƙyalli. A gefe ga wayar famfon, an haɗa ta da hannu an naɗe da leda, ledar ma ta zame, jan ƙarfen yana waje.

"Wa ya yi wannan aiki?" in ji Oche.

Maigandi ya buɗe baki zai zagi bakaniken ƙauye, sai ya tuna da gindin bishiya, da waya a kunne, da hannun da ya kaɗa. Ya haɗiye zagin.

"Ya gaya mini," ya ce. "Ni na ce ya ɗaure."

Oche ya kifa kushin a ƙasa, ya danna soson gefen dama da tafin hannunsa. Ya ɗago hannun ya nuna masa. A jiƙe yake, mai na bin tsakanin yatsunsa.

Maigandi ya kalli hannun, ya kalli ƙasan kujerar inda ya yi niyyar ajiye kasko, ya kalli ɗakin mahaifiyarsa da bai fi taku goma daga rumfar ba. Tsoro ya kama shi a makare, irin wanda ke zuwa bayan abu ya wuce. Kunya kuma ta fi tsoron yawa.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Oche ya zuƙe mai kaɗan a jarka don tankin ya sauka, ya hau napep ya je ya samo sabuwar roba daidai ta motar. Ya goge bakin tankin tas, ya zaunar da robar, ya ɗaure murfin a hankali yana bin kusoshin gefe da gefe don ya zauna daidai. Ya yanke wayar ya sake haɗa ta yadda ya kamata, ya rufe ta ruf. Da wurin ya bushe warin ya fita, ya mayar da man, ya haɗa batir, ya tada motar. Ya sa Maigandi da babbar rigarsa ya dinga jijjiga motar daga baya, shi kuma yana tsugune yana kallon bakin murfin. Ya shafa farin tsumma ya ɗaga. Ko ɗigo babu.

"Mota ya warke," in ji Oche. "Amma kushin ɗin nan ba zai koma yau ba. A wanke da sabulu, ya sha rana kwana biyu. In wari bai fita ba, a canza soso."

Lokacin rana ta take, an daɗe da raɗa suna a Damagum. Maigandi da ba ya son a riga shi zuwa taro bai ko duba agogo ba.

Oche ya tattara sifanunsa ya koma yi wa Gogo sallama. Ya durƙusa, sannan ya tambayi abin da ke cin sa tun ɗazu.

"Mama, kin san daga ƙasan ki wari yake fitowa. Kanki yana ciwo. Me ya sa ba ki koma ɗaya gefen ba? Ko ki ce ba za ki shiga ba?"

Munawwara ta ce, "Ai ba ta yarda. Sadiya ta yi ta kuka tana son gefen nan don ta ga shanu a hanya, Gogo ta hana ta. Kullum ita ke riga kowa shiga."

Gogo ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zaninta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar abin bai kai a faɗa ba.

"In ban zauna ba, yarinyar za su zaunar."

Maigandi yana tsaye a bayan Oche, ya ji. Wata guda cur mahaifiyarsa tana zaune a kan fetur da saninta, don kada 'yarsa ta zauna, shi kuma yana gaba yana shan iska yana yi mata gorin ruga. Ya durƙusa a nan cikin ƙasa, da sabuwar rigar da komai, hawaye na zuba a gaban matarsa da bakanikensa.

"Gogo, ki yafe mini," ya ce. "Na yi wauta, kuma na faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa ba."

Ta ce ta yafe tun a ranar.

A motar haya suka tafi Damagum da la'asar. Kafin su fita, Maigandi ya tuɓe babbar rigar, ya ja kushin zuwa bakin rijiya, ya wanke shi da hannunsa har sau uku. Munawwara ta zo za ta karɓa ya hana ta.

Darasi: In wani ya ce yana jin abin da kai ba ka ji, kada ka auna maganarsa da iliminsa ko inda ya tashi, ka je ka tsaya inda yake tsaye ka ji da kanka. Warin fetur a mota ba a rufe shi da turare, ba a kusantar da wuta, ba a cewa sai gobe. A kashe mota, a buɗe ƙofofi, a kira mai gyara. Kuma in iyayenka suka yi shiru bayan ka gwasale su, kada ka ɗauka matsalar ce ta wuce, wataƙila su ne suka ɗauke ta a kansu. Ka tura wa duk mai mota da ka sani, musamman wanda ya fi kowa tabbacin tasa lafiya lau take.